Wa ya kamata a ba jagorancin fitar da sabon zubin manhaja?

Ƙa'idar zaɓen mai fitar da sabon zubi (wato sabuwar sigar manhaja) a buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya ganin lambobinta ya ba da gudummawa, ta bambanta daga aiki zuwa aiki. A Apache, gidauniyar da ke kula da irin waɗannan manhajoji, duk wanda ke da izinin shigar da gyara zai iya ɗaukar nauyin, amma zubin ba ya fita sai mutum 3 daga kwamitin aikin sun amince, bayan an bar ƙuri'a a buɗe awa 72. Python kuwa, wani yaren rubuta manhaja, tana ba mutum ɗaya zubi 2 a jere, kowanne da kulawar shekara 5, shi ya sa samun lokaci ke da muhimmanci a can. Inda ake yawan tuntuɓe: makullin sa hannu (lambar sirrin da ke tabbatar da sahihancin zubi) da izinin loda zubin a intanet suna hannun mutum ɗaya, ya ɓace, aiki ya tsaya cik. Don kauce wa haka, ku haɗa mai fitar da zubin da masu koyo a ƙarƙashinsa tun farko, kamar yadda Kubernetes, wata buɗaɗɗiyar manhaja, ke yi.