Tambaya da Amsa: Sauya Sifirin Fok a Babur na Kwalta da Jeji

Tambaya: Malam, barka da aiki. Babur ɗina irin manyan nan ne na doguwar tafiya. Nauyina kilo 95, ga kaya ina ɗorawa. Da na kama birki sai kansa ya nutse, in na faɗa rami kuma in ji fok, wato ƙafafun nan biyu masu lotsawa da ke riƙe tayar gaba, ya kai ƙarshe ya buga. Sifirin zan sauya?

Amsa: Mai yiwuwa ne, Malam, amma kada ka sayi komai sai ka yi awo. Abin da za a auna shi ne yawan lotsawar fok idan ka hau. Ka ɗage gaban babur har taya ta bar ƙasa, ka auna tsawon bututun nan mai sheƙi daga bakin sil, wato robar da ke hana mai zuba, zuwa ƙarshensa. Sai ka sauke, ka cika tanki, ka hau da kayan da ka saba tafiya da su, wani ya riƙe maka babur ɗin. A danna gaba a sake shi a hankali a auna, a ɗaga a sake shi a hankali a kuma aunawa. Ka ɗauki tsakiyar awon biyun ka debe daga na farko. In awon biyun sun yi nisa da juna, kamar milimita 20, to fok ɗin yana cijewa, wannan matsalar za ka fara gyarawa.

Ana so lotsawar ta kasance kusan kashi 30 cikin ɗari na tafiyar fok, wato iyakar nisan da yake iya lotsawa. Yamaha Ténéré 700 yana da milimita 210, wato kana neman kusan 63. Honda Africa Twin CRF1000L yana da 230, kana neman kusan 69. In ka sami 85 ko 90, ka riga ka cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na tafiyar tun babur na tsaye, ramin hanya kuwa sai ya ƙarasa ragowar.

Tambaya: Ba zan iya ƙara matse noti na saman fok ba kawai in huta?

Amsa: Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Matse wannan noti yana ɗaga babur ne, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan. Ƙarfin sifirin a jikin ƙarfensa yake, ana auna shi da niyuton a kowace milimita. Sifirin mai 6.0 guda biyu, ɗaya a kowace ƙafar fok, sun zama 12 ke nan, don haka duk kilo 10 da ya sauka a kan fok zai lotsa shi kusan milimita 8, ko ka matse ko ba ka matse ba.

Ga yadda za ka gane. In sai ka ƙure matsi kafin ka sami kashi 30, sannan da ka sauka babur ya miƙe har kusan ba ya lotsawa da nauyin kansa, sifirin ya yi maka laushi. Irin wannan babur zai riƙa dukan hannu a ƙananan gargada, kuma duk da haka ya buga ƙasa a babban rami. In kuwa ka sassauta matsi gaba ɗaya amma ba ka kai kashi 30 ba, ya yi tauri. Kamfanoni irin su Race Tech da Öhlins suna da jadawalin nauyi. Ka ba su nauyinka yadda jadawalinsu ya nema, banda na ƙarya.

Ni na fi son sifirin mai ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, domin saita shi ba ya da wuya. Mai laushin farko da taurin ƙarshe ya fi dacewa da wanda yau yake shi kaɗai, gobe da fasinja da kaya.

Tambaya: Zan iya yin aikin da kaina?

Amsa: Za ka iya, in kana da littafin gyaran babur ɗin da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Kafin ka taɓa komai, rubuta yawan tsawon da fok ya leƙo saman maƙallin sama (maƙallai biyu ne ke riƙe fok a wuyan babur, na sama da na ƙasa), ka ƙirga ƙas-ƙas ɗin sukurorin saiti kana sassauta su. Sassauta notin maƙallin sama tukuna, sannan ka karya ɗaurin murfin fok yayin da maƙallin ƙasa ke riƙe da shi. In ka bar na sama a ɗaure, ya matse haƙoran murfin, kuma alminiyom ne, nan da nan yake cinyewa. Cire birki ka rataye shi da igiya, kada ya yi lilo a jikin tiyonsa. Cire taya, ka zaro ƙafa ɗaya ka gama da ita kafin ka taɓa ɗayar.

A tsohon samfurin fok irin na Kawasaki KLR650, murfi na fita sai sifirin ya biyo, amma ka danne shi da hannu don yana iya tsalle. A fok mai kifaffen bututu kuwa murfin a ɗaure yake da sandar ciki, sai an danne sifirin da ƙarfen matsewa kafin a kai ga notin da ke ƙarƙashinsa. Auna inda wannan noti yake zaune, ka mayar da shi daidai wurin, in ba haka ba saitin ƙafafun biyu zai bambanta.

Zubar da tsohon mai, ka zuba sabo, ka ja sandar ciki sama da ƙasa kamar sau goma har kumfa ta daina fitowa. Tsayin mai ana auna shi ne daga bakin bututu, sifirin a waje, fok a danne har ƙasa. Sirinji da siririn tiyo sun isa. Bi adadin da kamfanin sifirin ya rubuta, domin sabon ƙarfe na iya cin wuri fiye da tsohon. In sabon sifirin ya fi gajarta, a yanka bututun ciko ya cike giɓin, bakinsa a miƙe, da washa tsakaninsa da sifirin.

Wajen mayarwa, kada ka wuce ƙarfin ɗaurin da littafi ya faɗa a maƙallin ƙasa, don yana matse bututu fok ya riƙa cijewa. Ka ɗaure babban notin aksil, wato sandar da ke ratsa tsakiyar taya, ka danna gaba sau biyar ko shida ƙafafun su daidaita, sannan ka ɗaure ƙananan notocin da ke riƙe aksil. Ka matsa birki har ya kama kafin ka tashi. Masu BMW R 1250 GS, wannan bayani ba naku ba ne, sifirinku yana jikin shoka ɗaya a tsakiya.

Tambaya: Wani ya ce in zuba mai mai kauri ya wadatar.

Amsa: Mai yana rage saurin motsi ne, ba ya ɗaukar nauyi. Mai kauri zai jinkirta nutsewar, amma fok zai kasa dawowa da wuri a gargada mai bin juna, ya yi ta ƙanƙancewa har taya ta fara zamewa. Kuma mai mai lambar kauri 10W na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da 10W na wani ba, ka duba adadin cSt, wato ainihin awon kaurin mai, a zafin digiri 40. In ƙarshen tafiyar kawai ke bugawa, ƙara tsayin mai da milimita 10 a kowace ƙafa, ka ɗaura robar ɗaure waya a bututu ta nuna maka iyakar inda fok ya kai.

Ka auna bayan babur ma. In gaba ya yi tauri baya ya zauna, babur zai riƙa buɗewa waje a kwana, kuma gaban ya yi sakayau a gudu. Sau da yawa sai an sauya sifirin baya tare da na gaba.