Yaya Ake Auna Zubewar Gashin Mai Karɓar Maganin Ciwon Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayata tana karɓar kimoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, saboda sankarar mama, kuma duk zuwan da ta yi asibiti sai nas ta sa ta cire ɗankwali, ta duba kanta, sannan ta rubuta wata lamba a kati. Mene ne amfanin lambar? Shin yawan zubewar gashi alama ce ta cewa maganin yana aiki? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ba yayarki lafiya. Lambar tana nuna matakin da zubewar ta kai. A ma'aunin Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka matakai 2 ne: na farko idan abin da ya zube bai kai rabin gashin ba, na biyu kuwa idan ya kai rabi ko ya zarce, har kowa yana iya lura. Akwai kuma ma'aunin Dean mai matakai daga 0 zuwa 4, inda 4 ke nufin an rasa fiye da kashi 75 cikin 100.

Duka biyun da ido ake yin su, shi ya sa ma'aikata biyu za su iya duba kai ɗaya su ba da lamba daban, musamman idan da kitso, domin kitso yakan ɓoye wuraren da gashi ya yi ƙaranci. Shawarata ita ce ta riƙa tsefe kai kafin ranar asibiti, kuma idan ta yarda, ki riƙa ɗaukar hoton gaba, tsakiya da ƙeya a wuri ɗaya mai haske iri ɗaya. A ganina, abin da ita kanta take ji game da gashinta ya cancanci a rubuta shi tare da lambar, don haka ta faɗa wa likitanta ba tare da jin nauyi ba.

Game da tambayarki ta biyu, yawan zubewa ba ya nuna ko maganin yana aiki. Magunguna irin su doxorubicin da paclitaxel suna kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma saiwar gashi tana cikinsu, shi ya sa zubewar takan fara makonni 2 zuwa 3 bayan karɓar farko. Wasu magungunan kuwa suna yin aikinsu ba tare da sun taɓa gashi sosai ba. Ga yawancin majinyata gashin yakan dawo cikin watanni 3 zuwa 6 bayan kammala magani, kafin nan kuma ta guji matsattsen kitso da man miƙar da gashi.