Tambayi Likita: Ƙiba, Tumbi da Shayin Rage Jiki

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙiba suka taru, daga Argungu, Birnin Kebbi, Jega, Yauri da Zuru. An sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Likita, shekarata 41, 'ya'yana shida. Tsawona mita 1.60, nauyina kilo 88. Wallahi ba ni da ci, sau biyu nake cin abinci a rana, amma ko ruwa na sha sai ya zama kitse. Ƙawata ta ce jikina ne ya daina ƙona abinci saboda shekaru. Haka ne? (Wata Hajiya, Argungu)

Amsa: Hajiya, ruwa ba shi da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) ko ɗaya, don haka mu cire shi daga cikin waɗanda ake zargi. Abin da ƙawarki take nufi shi ne metabolizim, wato aikin da jiki yake yi na mayar da abinci ya zama ƙarfi. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan ƙarfin yana tafiya ko da kina kwance: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Sauran shi ne motsi, kuma nan ne kike da iko.

Batun shekaru kuwa, a 2021 mujallar Science ta wallafa binciken da aka yi a kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29. An gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, ƙonin abinci yana nan kusan yadda yake daga shekara 20 har zuwa 60, sai bayan nan yake sauka a hankali. Babban jiki ma ya fi ƙarami ƙona abinci, domin ɗaukarsa aiki ne. Abin da yakan canza wa mace a shekarunki shi ne yanayin wuni. Yara sun girma sun karɓi shara, wanki da ɗiban ruwa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, unguwar da ake takawa da ƙafa yanzu sai a kan kabu-kabu.

Na yarda sau biyu kike zama gaban kwano. Amma kalori ba ya bin girman kwano. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne, ko manja, ko man shanu, kalori 120 ne. Cokali biyu sun fi kofi guda na dafaffiyar shinkafa, wanda yake wajen 200. Ki tuna yadda ake tuttula mai a tukunya kai tsaye daga kwalba. Sai ɗanɗanen miya, ragowar tuwon yara da ake cinyewa don gudun almubazzaranci, fura mai sukari da rana, cincin da lemon kwalba a gidan biki. Babu wanda yake lissafa waɗannan a matsayin abinci, jiki kuwa yana lissafawa. Ki ɗauki kwana uku kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki. Ba don a kama ki da laifi ba, don mu san inda za a taɓa.

Idan aka raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki, ana samun 34. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ana kiransa ƙiba. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Burin farko ki sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato kilo 4 da rabi zuwa 9, cikin wata shida. Wannan kaɗai yana sauƙaƙa hawan jini, sukarin jini da ciwon gwiwa. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, saboda haka rage 500 a kullum yana ba da kusan rabin kilo a mako, daga baya saurin ya ragu.

Ki riƙa auna mai da cokali. Ki raba farantinki: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale, rama, kabeji ko miyar kuɓewa mai kauri, kwata malmalar tuwo ɗaya daidai dunƙulen hannunki, kwata kifi, wake ko ƙwai. Ke da kike Argungu, gasasshen kifi ko na miya ya fi soyayye nesa ba kusa ba. Ki gwada hawan jini da sukari. Idan kina fama da kasala, jin sanyi lokacin da kowa ke jin zafi, taurin bayan gida ko kumburin wuya irin na maƙoƙo, a yi miki gwajin jini na TSH, wanda yake duba aikin tayiroid, wato halittar da ke gaban wuya mai daidaita ƙonin abinci. Ki kuma nuna wa likita duk maganin da kike sha, domin wasu suna ƙara nauyi.

Tambaya: Na sayi shayin rage ƙiba a wajen wata mai talla a WhatsApp. Cikin kwana 5 na sauke kilo 3, sai dai ina zawo sau huɗu a rana, ga jiri da faɗuwar gaba. Ta ce kitsen ne yake fita. In ci gaba? (Budurwa 'yar shekara 24, Birnin Kebbi)

Amsa: 'Yata, ki daina shi yau. Kilo 3 na kitse ya haura kalori 23,000. Mace irinki tana ƙona wajen 2,000 a rana. Ko da ba ki sa komai a baki ba tsawon kwanakin nan biyar, ba ki ƙona rabin wannan adadin ba. Ruwan jikinki ne ya tafi.

Kitse ba ya fita ta bayan gida. Jiki yana ƙona shi ne, ya koma iska da ruwa. A cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, fiye da kilo 8 ta numfashi yake fita. Yawancin irin wannan shayin ana zuba masa ganye mai sa zawo, dangin filasko, wani kuma da abin da ke sa yawan fitsari. Filasko a babban hanji yake aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin. Abin da yake kwashewa shi ne ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai. Shi ya sa faɗuwar gaban nan ta fi damuna. Akwai kuma waɗanda ake ɓoye musu maganin sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ki jiƙa ƙunshin ORS (garin gishiri da sukari na masu zawo) ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa kurɓa. Ki je asibiti yau ko gobe a duba ƙodarki da gishirin jininki, ki tafi da kwalin shayin. Kilo ukun za su dawo cikin 'yan kwanaki, kuma dawowarsu alamar sauƙi ce. Abin da ke ƙona mini rai shi ne kasuwar nan ɗaya ce take sayar wa siraran mata sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne a ciki. Yana kumbura fuska da ciki, ya janyo ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan wannan kuwa kada ta yanke shi lokaci guda, likita ne zai rage mata shi a hankali.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 33, tumbi ya fito mini. Ina sa rigar leda in yi gudu da tsakar rana don in yi gumi, kuma ina motsa ciki sau 100 kullum. Bayan gudu sikeli yana nuna na rage kilo ɗaya da rabi, da safe ya dawo. (Wani matashi, Jega)

Amsa: Malam, lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce a sikeli, kana shan ruwa ta dawo. Ka cire ledar nan. A bazarar Kebbi zafi yana haura digiri 40, kuma leda tana hana gumi bushewa, alhali bushewar ce take sanyaya jiki. Ƙarshenta suma, ko ƙoda ta samu rauni.

Motsa ciki yana ƙarfafa naman ciki, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona. Jiki daga ko'ina yake ɗibar kitse. Tumbi kuma ba kwalliyar mai kuɗi ba ce: kitsen da ke lulluɓe da hanji da hanta shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya. Ka auna igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya. Idan bakin biyu bai haɗu ba, akwai aiki a gabanka.

Ka yi tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya. Saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ka ƙara kwana biyu na ɗaga nauyi ko tsugunni-tashi, don kada nama ya zube tare da kitse. Sai dai ka san wannan: tafiyar rabin sa'a tana ƙona kalori kamar 150, lemon kwalba na santilita 50 kuma yana ɗauke da kusan 210, sukarinsa ya kai ƙananan cokula 13. Hukumar ta ce ya fi kyau kada sukarin wuni duka ya wuce kamar cokula 6. Kwalba biyu a rumfa, da shayi mai kauri, burodi da soyayyen ƙwai a teburin mai shayi da dare, sun cinye gudunka har da riba.

Tambaya: Ruwan zafi da lemon tsami da zuma da sassafe suna narkar da kitse? (Malamar makaranta, Birnin Kebbi)

Amsa: Malama, ba sa narkarwa. Kitsen jiki ba man shanu ba ne a cikin kasko, yana cikin ƙwayoyin halitta ne, ruwan da kika sha ba ya isa gare shi. Cokalin zuma ɗaya kalori 64 ne, ya ma ɗara cokalin sukari. Idan wannan haɗin ya maye gurbin shayi mai madara da sukari, ki sha ba zuma, ki kurkure baki bayansa don tsamin yana cin haƙori. Mai gyambon ciki ya bar shi idan yana tayar masa da ƙwarnafi.

Tambaya: Ina da ciwon sukari, ina shan glibenclamide. Ina so in riƙa azumin Litinin da Alhamis, in samu lada in kuma rage nauyi. An kuma ce cin abinci da dare shi ne ke sa ƙiba. (Wani dattijo mai shekara 56, Yauri)

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓi niyya, amma kada ka fara sai ka zauna da likitanka. Wannan maganin yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko ka ci ko ba ka ci ba, don haka sukari zai iya faɗuwa tsakiyar wuni. Alamominsa rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa da gani dishi-dishi. Duk ranar da na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ka sha abu mai zaƙi nan take. Likita zai iya canza maka lokacin shan maganin, ko yawansa, ko ya sauya maka wani.

Azumi yana rage nauyi ne idan jimillar abin da aka ci ta ragu. Shi ya sa wasu suke fita daga watan Ramadan da ƙarin nauyi: ƙosai, soyayyen dankali, kunu mai sukari da zoɓo mai zaƙi a buɗa-baki ɗaya suna iya rufe abincin wuni guda. Ka buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, ka yi sallah, sannan ka ci abinci sosai. A sahur ka nemi wake, ƙwai ko nono marar sukari.

Dare shi kaɗai ba ya mayar da tuwo kitse. Matsalar ita ce wanda ya wuni da yunwa yakan ci fiye da kima, ya kwanta nan take, sukari ya kwana a sama. Ka bar sa'a biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ka taka na minti 10 zuwa 15 bayan ci.

Tambaya: Na haihu wata biyu da suka wuce, cikina bai koma ba. Zan iya rage abinci in ɗaure ciki da bel? (Mai jego, Zuru)

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Shayarwa kaɗai tana cin kalori kusan 500 a rana, don haka ba lokacin horon yunwa ba ne. Ki rage zaƙi da soye-soye, ki bar wake, kifi, ganye da ruwa yadda suke. Rabin kilo a mako ya isa, sannu ba ta hana zuwa. Bel yana matse ciki ne muddin yana jiki, ba ya ƙona kitse. Sau da yawa ma ba kitse ba ne, naman ciki ne ya buɗe a tsakiya saboda goyon ciki. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu saman cibiya. Idan fiye da yatsu biyu sun shige, a duba ki kafin ki fara motsa ciki. Ki yi hattara da kunun kanwa, domin kanwa tana ɗauke da sodiyam irin na gishiri, tana tara ruwa a jiki ta kuma ɗora wa zuciya nauyi. Kumburin ƙafa, haki, ko kasa kwanciya sai an tara matasai, waɗannan na zuwa asibiti ne a ranar.

Tambaya: Mahaifina yana ta ramewa wata huɗu, alhali yana cin abinci. Da yake mai jiki ne, mun ɗauka alheri ne. (Wani ɗalibi, Argungu)

Amsa: Ɗana, ramar da ba a neme ta ba abin bincike ce. Idan mutum ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata 6 zuwa 12 ba tare da ya canza komai ba, muna neman ciwon sukari, tarin fuka, cutar HIV, yawan aikin tayiroid da kuma ciwon daji. Ka lura ko Baba yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari da ya wuce mako biyu, gumin dare, wahalar haɗiya, ko jini a bayan gida. Ka kai shi babban asibiti cikin makon nan. A fara da gwajin sukari, awon jini da gwajin majina idan yana tari, wanda kyauta ake yin sa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.