Jaba a Gindin Rumbu: A Zuba Mata Guba?

Tambaya: Malam, kullum da dare ina jin tsuwar jaba a gindin rumbuna, ga warinta ya ishe mu. Hatsi kuma yana raguwa. In sa maganin ɓera?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Jaba ba ɓera ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. In ka haska ta da tocila za ka ga baki dogo mai tsini yana ta motsi, idanu ƙanana ƙwarai, gashi gajere mai laushi. Ɓera haƙoransa na gaba faffaɗa ne, na gwaguya, su yake huda buhu da su. Na jaba masu tsini ne, na cafkar ƙwari. Warin nan daga gefen cikinta yake fitowa, shi ya sa kyanwa kan kashe ta ta bar ta a wurin. Wani lokaci za ka ga 'ya'yanta sun yi jerin gwano a bayanta, kowanne ya ciji gindin wutsiyar na gabansa.

Abincinta kyankyaso ne, gara, gyare da tsutsa. Jikinta na saurin ƙone abinci, ba ta jure yunwa, don haka dare da rana tana farauta. Ƙwarin da ke ɓarna a rumbunka take bi. Takan taɓa ragowar abinci in an bar shi a buɗe, amma ba ita ke cinye maka dawa ba.

Duba buhunanka. In ka ga huji da gutsurarrun ƙwayoyi da kashi baƙi kamar ƙwayar shinkafa, aikin ɓera ne, shi ya kamata ka tsananta wa. Wani nau'insa ne ma ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Toshe ramuka, ɗaga buhu daga ƙasa, ɗana tarko. Guba a tsakar gida ba na ba da shawararta, saboda kaji da yara. In warin ne ya dame ka, share bola da duhuwar da ke kusa da ɗaki.

Tambaya: Bushiya fa? Na same ta a gonar rogo.

Amsa: Ƙyale ta, ita ma ƙwari da katantanwa take ci. Mai tone rogo beguwa ce, wadda ta fi ta girma nesa, ƙayoyinta dogaye masu ratsin fari da baƙi.