Babban turbo ko gyaran abin da ke akwai? Amsa ga mai jigilar dankali

Wani Alhaji daga Jos ya aiko da tambaya. Yana da Hilux mai injin gas lita 2.5, yana lodin dankalin turawa daga Bokkos zuwa Abuja, ya dawo da taki ko kayan masarufi. Motar tana nishi a Hawan Kibo, har da baƙin hayaƙi. Bakanike ya ce a sa babban turbo da intakula (abin sanyaya iskar da ke shiga injin), a kuma taɓa kwamfutar injin ta ƙara mai. Shin ya ciri kuɗin daga jari?

Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka sayi babban turbo. Intakula kuwa sai mu yi magana, amma bayan an duba lafiyar injin.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Duk sanda ka yi sama iska na ƙara sirancewa, injin gas kuma da iska yake ƙona mai. Aikin turbo shi ne ya matse iska ya tura wa injin, sai dai matsewar tana sa ta zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. A nan intakula ke shigowa: tana sanyaya iskar kafin ta shiga, ƙonewar mai ta yi kyau, zafin salansa ya ragu. Toyota da kanta ta fitar da injin 2KD, wato na Hilux mai lita 2.5, iri marar intakula mai ƙarfin doki 102, da mai intakula mai 120. Ka ga ke nan ba sabon abu za a ƙirƙira a motarka ba, idan taka marar ita ce.

Babban turbo kuwa sai injin ya ɗau gudu sosai yake farkawa. Kai kuma ƙarfin da kake nema na ƙasa ne, lokacin da mota ke rarrafe da lodi a giya ta biyu. Ƙarin man da za a buɗe mata zafi ne ke biyo shi, zafin nan shi ke fasa fistin ya ƙona gaskit, kulocin ma ya fara sulɓi. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za ta tsaya a Akwanga da buhunan dankali a baya. Dankali ba ya jiran bakanike, dillali ma haka.

Ka lura da wani abu. Lodinka mai tsada gangarowa yake yi daga Filato, hawa sai a dawowa. Saboda haka birki da tayoyi da sifirin su ne masu tsaron dukiyarka, su ya kamata su fara cin kuɗi.

Shi baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya fi iska yawa. Sau da dama matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu, ko tiyon turbo ya tsage, ko nozul mai fesa mai a injin ta gaji da gurɓataccen gas. A kai ta wurin mai na'urar gwaji, a wanke lagireto, a sauya matatar mai. Mota da yawa daga nan take dawowa hayyacinta da ɗan kuɗi kaɗan.

Sai lissafi. Rubuta gas ɗin da kake sha a zuwa da dawowa na wata guda, da ribar kowane sawu. Ka tambayi kanka: wannan gyara zai ƙara mini sawu a mako, ko zai rage mai? Idan minti goma kawai zai rage a hawa, ba abin da ya shigo aljihunka. Ka kuma tuna ranar sayarwa, domin masu sayen Hilux suna gudun wadda aka taɓa wa kwamfuta, suna karya mata kuɗi.

In an gama gyara kana son intakula, nemi ta Toyota ta asali ko da Beljiyam ce, a gwada ba ta yoyon iska, a ɗaura ta inda ba za ta tare lagireto ba. Kuɗin kuma ya fito daga abin da motar ta tara, ka riƙa ware wani abu a kowane sawu. Jarin dankali ka bar shi wa dankali, musamman lokacin da kaya ke fitowa daga gona da araha.