Hukuncin ba mai dafa bil-bil bashin dawa, da shiga baje kolin da aka kawo ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina saro jar dawa da muskuwari (dawar rani) daga ƙauyuka. Akwai wata maƙwabciyarmu, ba musulma ba ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara, sana'arta dafa bil-bil, wato burkutun dawa. Duk mako nakan ba ta buhu ɗaya bashi, in ta sayar ta kawo kuɗi. Yanzu kuma ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa za ta yi baje kolin kayan gida, an ce har masu bil-bil za su zo tunda ita ma a gida ake yin ta. Wani ɗalibi ya ce mini Imamu Abu Hanifa ya halatta irin cinikina. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, Alhaji, da ka tambaya tun kana da ikon gyarawa.

Da cewa ka yi kana sayar da dawa a garin da ake dafa giya, da amsar gajeriya ce. Dawa abinci ce, kuma shari'a ba ta ɗora maka leƙa tukunyar kowa ba. Wanda ya zo ya auni kwano uku ya biya ya tafi, musulmi ne ko Kirista ko mai addinin gargajiya, sayar masa, ko da ranka ya ɗan raya maka wani abu. Amma kai da bakinka ka ce "in ta sayar ta kawo kuɗi". A nan hukunci ya juya. Ka san inda buhun zai je, ka san ba tuwo za a tuƙa da shi ba, kuma jarin sana'ar daga rumfarka yake fitowa duk mako. Wannan ciniki bai halatta ba, sai ka dakatar da shi.

Batun ko bil-bil giya ce, ba sai mun daɗe a kansa ba. Ana jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi, mai sha kuma ya bugu. Mutanen Yaman suna da irinta da suke yi da dawa da sha'ir, Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da ita, ya amsa masa da cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. A ƙwarya aka zuba ta ko a kwalba, hukunci ɗaya ne.

Ɗalibin nan bai yi wa Abu Hanifa ƙarya ba. An ruwaito daga gare shi, Allah Ya jiƙansa, cewa babu laifi a sayar da ruwan inabi ga wanda aka san zai mayar da shi giya. Hujjarsa ita ce, lokacin cinikin kayan halal ne, saɓon kuwa ba ya faruwa sai bayan kayan sun canza kama, ta hannun wani mutum mai zaɓin kansa. Magana ce ta babban malami, ba a yi mata dariya. Sai dai ba ta tsaya da ƙafarta ba. Cikin mutum 10 da hadisi ya la'anta a sha'anin giya, an ambaci mai matse inabin. To me yake matsewa? Ruwa ne mai zaƙi, wanda ko yaro ya sha a wannan lokaci babu komai. Duk da haka la'anar ta same shi, saboda ya san dalilin matsewar. Ashe halaccin kaya a lokacin ciniki ba ya kare wanda ya san makomarsu. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi ba ta ware taimakon nesa da na kusa ba. Sannan a mazhabar Hanafiyya kanta an karhanta sayar da makami ga masu tayar da fitina, alhali takobi ma ba ya sara sai wani ya zaɓi ya ɗaga shi. Bambancin da suka kawo, cewa makami a shirye yake shi kuwa ruwan inabi sai ya sauya, bambanci ne na tsawon hanya kawai, ƙarshenta kuwa sananne ne ga mai sayarwa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke karanta a zaurukanmu, da Imamu Ahmad sun hana, Shafi'awa ma sun haramta idan an tabbatar. Kai kuma, Alhaji, ko da an bi Abu Hanifa ɗin, maganarsa a kan ciniki take, a ba da kaya a karɓi kuɗi a rabu. Naka ya wuce haka, domin biyanka yana rataye da cinikin giyar: in mashaya sun cika kana murna, in kasuwarta ta yi sanyi ka shiga damuwa. Ina kuma jan kunnen ɗalibai su daina tsinto sassaucin kowace mazhaba suna miƙa wa mutane ba tare da sharuɗɗansa ba.

Bashin da kake bin ta a yanzu, abin da nake gani ka karɓi kuɗin hatsinka, ribar da ke kai ka yi sadaka da ita, ka nemi gafarar Allah. Abin da ka ci a baya cikin rashin sani ba sai ka tayar da lissafinsa ba.

Kada ka yanke mata a bainar jama'a. Maƙwabciyarka ce, tana riƙe da marayu, haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi don saɓanin addini ba. Aika uwargidanka ta yi mata bayani cikin mutunci, cewa addininka ne ya hana ka. In za ta karɓi dawar tuwon yaranta, ba ta, bashi ko kyauta. In za ta koma kunu, ko folere (zoɓo), ko ƙosai, ko man gyaɗa, ka zama farkon mai sa mata jari, kana da lada. Ba a kuma ba ka izinin fasa tukunyar kowa ko zuga matasa a kanta ba. Irin wannan ɗaukar doka a hannu, yankinmu ya ga abin da yake haifarwa.

Baje kolin kuwa, asalinsa abu ne mai kyau. Takalma da jakunkunan majeman Marwa, kilishi, albasarmu, shinkafar Yaguwa, zumar Adamawa, duk sun cancanci a tallata su, mai sayen su kuma yana raya gidajen maƙwabtansa. Zama kayan gida dai ba ya halatta abin da Allah Ya haramta. Je ka kafa rumfarka kamar yadda kake zama a babbar kasuwa, wadda ba ka da iko da abin da kowa ya kasa. Sharaɗi shi ne kada ka zauna inda ake zagayawa da ƙwarya, kada karo-karonka ya shiga sayen giya ko kyautar wadda ta fi iya dafawa, kada kuma sunanka ya hau takardar gayyatarsu. In kana cikin shugabannin ƙungiyar, faɗi ra'ayinka a zaman shiri. In an rinjaye ka, janye daga wannan ɓangaren kaɗai.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Kunun zaƙi da ake bari ya kwana biyu ko uku cikin zafin Marwa yana iya tashi, a ce wa iyali in ya fara kumfa da warin tsami mai hawa kai a zubar. Sannan ku masu hatsi ku ji tsoron Allah a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbunan talakawa suka ƙare: ɓoye buhuna ana jiran farashi ya haura alhali mutane na cikin buƙata, shi ma Manzon Allah (SAW) ya kira mai yin sa mai laifi. Buhun da ka daina ba ta, fito da shi kasuwa a farashin ranar.

Wallahu a'alam.