Me ake koya wa ɗalibi a shekarar farko ta jami'a?

Ƙanena, ka ce an ba ka gurbin karatun kimiyyar sinadarai, amma da ka duba fom ɗin rajista sai ka ga Turanci da lissafi da ilimin halittu, har kana tambaya ko kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne, haka aji ɗaya yake a jami'o'in Najeriya.

Akwai darussan ilimi na bai-ɗaya da ake kira GST, kowa sai ya yi su, ko likita zai zama ko lauya. A tsarin manhajar da Hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta ƙaddamar a 2022, GST 111 na koyar da Turanci ne, yadda za ka rubuta rahoto da taƙaita abin da ka karanta, GST 112 kuma tarihin al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Ku 'yan kimiyya za a ƙara muku lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, da aikin ɗakin gwaje-gwaje inda za ka riƙa ɗiga asid a cikin kwalba har launin ya sauya.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne maki. Mutane da yawa suna raina GST saboda ajin cike yake maƙil, na baya ma ba ya jin malami sai da lasifika. To ka sani, makinsa yana shiga lissafin sakamakonka na ƙarshe. Saba'in zuwa sama A ne, maki biyar. Wanda ya faɗi sai ya maimaita darasin a aji biyu, ga kuma sabbin darussa sun taru masa. Ka riƙa zuwa da wuri ka samu kujerar gaba.